Yadda za ka haɗa tsaraba ka kai wa tsohuwa da hannunka

Shekara biyu ban taka Tawa ba. Kullum da safe ina tura wa Gwaggo saƙon murya ta WhatsApp a wayar jikanta, ƙarshen wata in aika kuɗi. A ganina zumunci ya cika. Ran da na je, ta kama hannuna ta daɗe ba ta saki ba, ta ce, "Ɗan nan, muryarka nike ji kullum, ashe ka rame haka ban sani ba." Tun daga nan na canja yadda nake zuwa gida, kuma shi nake son faɗa wa duk mazaunin Yamai da iyayensa ke Adar.

Kuɗin tsarabar suna cikin wayarka. In dala ɗari kake zuba wa intanet kowace rana, kwana 10 jika 5 ke nan. Rage kallon bidiyon dare na ƴan makonni, ka riƙa jefa canjin cikin gwangwani.

Kada ka buga waya ka tambaye ta abin da take so. Amsar ɗaya ce: "Lafiyarka kawai." Zauna ka tuna abin da ke ƙare mata. Kwalin sukari, ganyen shayi, sabulu, man zafi saboda gwiwa, tocila mai kyau. Albasa kuwa bar ta, ba a kai wa ƙasar Galmi albasa. Ɗauki abin da Yamai ta fi su, kamar busasshen kifin kogi, ko mangwaro in lokacinsa ne.

Goro shi ne ke son natsuwa. Je kasuwa da ƙafarka, ka tsuguna gaban mai goro ka zaɓa ɗaya-ɗaya, fari da ja. Duba wanda fatarsa ke sheƙi, mai nauyi a hannu, ka ajiye duk mai ɗan rami, don tsutsa ce a ciki. A naɗe maka shi cikin ganye, ka ƙara da tsumma mai laima, domin tafiyar ta kai kilomita 550, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, zafin mota kuma yana busar da goro. In an tsaya Ƙonni, yayyafa masa ruwa, ka sayi alawar yara. Yaran gida su ne za su fara tarbarka, bai kamata su koma hannu wofi ba.

Abin da ya fi wuya shi ne wayar kanta. Kafin ka shiga zaure, sanar da iyalinka ka sauka lafiya, sannan ka kashe ta ka tura ƙasan jaka. Aljihu bai isa ba, da ta yi motsi hannunka zai bi ta. Na ga ɗaki cike da ƴan uwa bayan isha'i, kowa fuskarsa na haske, tsohuwa na gefe tana jan tasbaha, ba mai ce mata uffan. Zuciyata ta sosu, don a wannan tabarmar ce take yi mana tatsuniya muna yara. Ba na raina waya, da ita ƴan uwanmu da ke Abijan suke ganin fuskar iyayensu. Amma su nisa ne ya hana su, kai kuwa ga ka a tsakar gida.

Durƙusa ka yi gaisuwa cikakkiya: gajiya, gida, jiki, damina, dabbobi. Sha ruwan da aka kawo, sha fura. Sai hira ta zauna sannan ka jawo ƙunshin ka ajiye gabanta da hannu biyu, ka ce, "Gwaggo, ga ɗan abin hanya." Kada ka faɗi kuɗinsa. Kada ka ɗauki hoto don duniya ta gani, wannan tsakaninku ne. Rabo kuma nata ne, ka bar mata. Za ka ga ta kwance ganyen, ta ware biyu-biyu, ta kira yaro: wannan na liman, wannan na maƙwabciya, a ce musu ɗana ya zo. Daɗinta yana nan, unguwa ta san an tuna da ita.

Bayan haka zauna kawai. In hira ta yanke, bar shirun, kada ka nemi jaka. Daga irin wannan shirun ne Gwaggo ta ba ni labarin yadda mahaifina ya fara zuwa ci-rani, abin da ban taɓa ji ba.

Ranar komawa za ta fito maka da nata ƙullin: cuku, daddawa, garin kuka cikin leda. Kada ka ce kaya sun yi yawa. Karɓa da hannu biyu, ka sunkuya ta dafa kanka ta ce "Allah shi yi albarka," ka bar wayar a kashe har mota ta wuce Tsarnawa.