Yadda Nake Korar Laima Daga Ɗaki Da Esi

Daminata ta farko a Agege, na buɗe wadirob a watan Yuli na tarar manyan riguna biyu na shadda sun yi fumfuna, alhali esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ta aiki dare da rana. Ashe sanyi daban, bushewar iska daban.

Ɗauki rimot, ka yi ta danna "Mode" har alamar ɗigon ruwa ta fito. A nan fankar ciki takan juya a hankali, iska ta daɗe kan bututun sanyi, ruwan cikinta ya taru ya bi tiyo ya zube waje. Bar sanyin esin a digiri 24 ko 25. Masu kai shi 16, kuɗin wuta kawai suke ƙonawa.

Rufe taga da ƙofa, kada ka shanya wanki a ɗaki. Wanke ragar tace ƙura duk mako biyu. Ka riƙa leƙa tiyon nan: in ba ya ɗiga da damina, wataƙila ya toshe, kira mai gyara.

Esin da ya fi ƙarfin ɗaki kuma yakan sanyaya shi da sauri ya tsaya, bai gama tsotse laimar ba. Ni ɗan ma'aunin laima na saya, ina fakon kada ya haura kashi 60.