Yadda Ake Zaɓen Sandar Kamun Kifin Maski Mai Ɗaukar Ƙoto Mai Nauyi

Maski kifi ne na ruwan daɗi da ke rayuwa a tafkuna da kogunan arewacin Amurka da kudancin Kanada, musamman a jihohin Wiskonsin da Minesota da Mishigan, da lardin Ontariyo, da kuma kogin Sen Lorans. Jikinsa dogo ne, bakinsa cike da haƙora masu kaifi irin na tsage da masuntanmu suka sani, kuma ƙasaitacce daga cikinsu yakan wuce mita ɗaya da kwata a tsayi, nauyinsa ya haura kilo 15. Jihar Wiskonsin ta ayyana shi a matsayin kifinta na alfahari tun 1955. Masu farautarsa suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma, domin mutum yakan wuni a cikin jirgi yana jifa yana naɗewa, rana ta faɗi bai ga ko wulgawarsa ba.

Daga wannan hali nasa ne ya kamata zaɓen sanda ya fara. Mai saye na farko yakan tsaya yana tambayar ko sandar za ta iya da babban kifi, alhali kusan duk sandar da aka ƙera don maski za ta iya da shi. Kokawa da kifin ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, amma jifan ƙoto mai nauyi aiki ne na awa takwas ko goma, kuma a nan ne sanda take nuna ko ta dace da mai ita. Don haka ka zaɓi sanda gwargwadon abin da za ka wuni kana jefawa da kuma abin da kafaɗarka za ta iya jurewa.

Ka fara da auna ƙoton da ka fi amfani da shi

Ba a cika kama maski da tana ba. Abin da aka fi yi shi ne a yaudare shi da ƙoton da aka ƙera da katako ko roba ko ƙarfe, mai kama da kifin da yake farauta, ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku-uku. Nauyin irin wannan ƙoto ya bambanta ƙwarai. Akwai mai tuntun gashi da faifan ƙarfe da ke juyawa a gabansa, wanda yakan kama daga oza ɗaya zuwa uku. Akwai na katako mai tafiya a saman ruwa yana fantsama, da mai nutsewa idan an fizge shi, irin Suick da aka daɗe ana yi a garin Antigo na Wiskonsin. Sannan akwai na roba mai laushi da doguwar jela, irin Bull Dawg, wanda babbansa yakan kai oza 8, mafi girmansa kuma ya kusan laba guda. Oza ɗaya giram 28 ce, ke nan ana maganar abin da ya kama daga giram 30 har zuwa kusan rabin kilo.

A jikin kowace sanda, sama kaɗan da mariƙi, kamfani yakan rubuta iyakar nauyin ƙoton da ta dace da shi, misali oza 2 zuwa 6, ko 3 zuwa 8, ko 4 zuwa 10, har zuwa masu ɗaukar oza 16. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki ƙoto huɗu ko biyar da ka san su ne za su fi shiga ruwa, ka ɗora su a sikeli, sannan ka nemi sandar da nauyin nasu ya faɗa a tsakiyar lambobinta. Sanda tana aiki mafi kyau ne a tsakiyar iyakarta. Idan ƙoton ya yi mata sauƙi ba za ta lanƙwasa ta tara ƙarfin cilla shi ba, sai ka koma jifa da ƙarfin damtse. Idan kuma ya kai ƙarshen iyakarta, za ka ji tana rawa tana saki a lokacin jifa, ƙoton ya tafi inda ba ka nufa ba. Ga wanda yake son sanda ɗaya da za ta yi masa yawancin aiki, a ganina mai ɗaukar oza 3 zuwa 8 ko 4 zuwa 10 ita ce ta fi cancanta. Ya kamata kuma a sani cewa kamfanoni ba su da ma'auni guda, ta yadda sandar da wani kamfani ya sa wa alamar H, wato mai tauri, tana iya yin taurin wadda wani ya sa wa XH, wato mai tauri ƙwarai, saboda haka lambobin oza sun fi haruffan abin dogaro, hannunka kuma ya fi su duka.

Akwai wani nauyi da sikeli ba ya nunawa. Ƙoto mai manyan fayafai biyu masu girman lamba 10, irin Double Cowgirl, bai wuce oza 3 ba a hannu, amma da zarar fayafan sun fara juyawa a cikin ruwa sai ya riƙa ja da ƙarfin da ya ninka nauyinsa. Sanda mai laushi takan lanƙwashe tun daga wannan jan kaɗai, ta yadda idan kifi ya kai cafka babu sauran ƙarfin da za ta soka ƙugiya da shi. Wanda zai yawaita amfani da irin wannan ƙoto ya ƙara mataki ɗaya a kan abin da sikeli ya gaya masa.

Tauri daban, wurin lanƙwasa daban

Abu biyu ne ake yawan cakuɗawa a nan. Na farko shi ne yawan ƙarfin da ake buƙata kafin sanda ta lanƙwasa, na biyu kuma shi ne inda take lanƙwasawar. Wata sandar tsininta kaɗai ke sunkuyawa, kashi ɗaya cikin huɗu na sama ko makamancin haka, sauran jikin ya tsaya ƙyam. Wata kuma takan yi baka har zuwa tsakiya. Maski yana da muƙamuƙi mai ƙashi, kuma idan ya datse ƙoton katako ko na roba da haƙoransa, sai an fizge ƙoton ya zame a cikin bakin kafin ƙugiya ta samu wurin shiga. Wannan aiki na gindin sanda ne mai tauri. Amma tsinin yana da nasa amfanin, domin zaren da ake amfani da shi a yau saƙaƙƙe ne da kusan ba ya miƙewa, kuma idan kifin ya fito da kai sama yana girgiza shi da ƙoton oza 8 a baki, nauyin ƙoton kansa yakan taimaka masa ya yar da ƙugiya. Tsini mai ɗan sassauci shi ke riƙe zaren a ɗame a wannan lokaci. Sandar da za ta yi aiki iri-iri ita ce mai tauri daga mariƙi har zuwa kashi biyu cikin uku na tsayinta, sannan sauran ya riƙa bayarwa a hankali.

Taurin yana da wata fa'ida da ta shafi kifin. Yawancin maskin da ake kamawa a yau sakinsa ake yi, doka ma ta tilasta haka a wurare da dama. A tafkunan cikin jihar Minesota ba a yarda a tafi da wanda bai kai inci 54 ba. Sanda mai ƙarfi tana gajarta kokawa, kifin ya shiga homa kafin ya galabaita, ya kuma koma ruwa da sauran kuzarinsa.

Batun tsayi

A shekarun baya sandar maski gajera ce mai kauri, ƙafa 6 ko ƙasa da haka. Yanzu abin da aka fi gani shi ne ƙafa 8 da rabi zuwa ƙafa 9, wato mita 2.6 zuwa 2.7, wasu ma sukan kai ƙafa 10. Doguwar sanda tana cilla ƙoto nesa da ƙaramin ƙoƙari, wannan gaskiya ne, amma babban dalilin tsayin yana gefen jirgi.

Maski yana da ɗabi'ar bin ƙoto a baya ba tare da ya cafke shi ba, har ya iso daf da jirgi kana kallonsa. Shi ya sa a ƙarshen kowane jifa, ko an ga kifi ko ba a gani ba, ba a ɗaga ƙoto daga ruwa kai tsaye. Idan saura kamar kamu ɗaya na zare tsakanin tsini da ƙoto, sai a tsoma tsinin cikin ruwa, a riƙa jan ƙoton ana zana siffar lamba 8 a kwance, ana ƙara sauri a miƙe, ana buɗa kwana sosai, ana ɗan ɗago shi sama a kwanar sannan a sake nutsar da shi. Kifin da ya kai mita ɗaya da ɗoriya ba ya iya shan ƙaramar kwana, kuma idan ƙoton ya juya a matse sai ya ɓace masa, ya sulale ƙasa ya tafi. Da sanda mai ƙafa 9 mutum zai buɗa kwanar yadda ya kamata yana tsaye, ya kuma nutsar da ƙoton can ƙasa inda kifin ba zai riƙa ganin inuwarsa ba. Da gajeriyar sanda sai ya duƙa ko ya durƙusa a bakin jirgi, kuma wanda ya yi haka sau ɗaruruwa a wuni guda, bayansa zai gaya masa. Kifi da yawa a wannan wuri ake kama su, da zaren da bai kai mita guda ba, inda ba abin da ke shanye bugun sai sandar.

Tsayin yana da inda yake cutarwa. Ƙoton katako da ake sarrafawa ta hanyar fizgar tsini ƙasa yana son sanda mai ƙafa 7 da rabi zuwa 8, domin doguwa takan riƙa dukan ruwa, musamman ga gajeren mutum ko mai tsayuwa a jirgin da ba shi da tudu. Ana iya rage matsalar ta hanyar fizga zuwa gefe maimakon ƙasa. Saboda haka ne nake ganin ƙafa 8 da rabi ta fi zama tsaka-tsaki ga mai sanda ɗaya, ƙafa 9 kuma ga dogon mutum ko wanda ƙoton roba da mai fayafai suka fi yawa a akwatinsa.

Abin da za ka gwada da hannunka

Kada ka yanke hukunci a kan sanda tsirara. Ka nemi a ɗaura mata keken naɗe zare irin wanda za ka yi amfani da shi, wato babba mai lamba 400 ko 500, irin Tranx na Shimano ko Lexa na Daiwa, sannan ka riƙe ta yadda za ka riƙe a ruwa, tafin hannu a rungume da keken, gindin mariƙi a matse tsakanin damtse da haƙarƙari. Ka tsaya haka na minti biyu ko uku tsinin yana kallon gaba. Idan ka ji wuyan hannunka yana fama da ɗago tsinin, sandar ta rinjaya gaba, kuma wannan rinjaye ya fi 'yan giram na nauyin jikinta gajiyarwa. Sanda mai ɗan nauyi da ta daidaita ta fi marar nauyi da kanta ya yi ƙasa.

Mariƙin baya ya zama mai tsayi, kimanin inci 16 zuwa 18, domin jifan ƙoto mai nauyi da hannu biyu ake yi, hannun ƙasa yana jawowa, na sama yana turawa. Amma ka gwada shi sanye da irin rigar da za ka sa, tunda lokacin manyan ƙoton roba kaka ce, watannin Oktoba da Nuwamba, sa'ad da sanyi ya sa kowa ya yi jibgin kaya, kuma mariƙin da ya wuce kima yakan riƙa harɗewa da riga. Mariƙi mai kauri ya fi siriri sauƙi ga yatsu a dogon wuni. Ko na ɓawon itace ne ko na soso, wannan zaɓin mai saye ne.

Ka duba zobban da zare ke bi ta cikinsu. Su kasance masu ƙafa biyu-biyu a ɗaure, a jere a kan layi ɗaya, kuma cikinsu sumul. Ka zura auduga a kowanne, idan ta maƙale akwai tsaga da za ta ci zare. Ƙananan zobba ba su dace da wannan aiki ba, domin a ƙarshen kaka ruwan da zare ke ɗebowa yakan daskare a cikinsu ya toshe su. Jikin sandar kuma galibi na girafait ne, wanda bai da nauyi. Mafi tsadarsa ya fi sauƙi a hannu amma bai jure gwaruwa da bakin jirgi, don haka matsakaicin daraja ya ishi mai farawa. Sandar zaren gilashi ta fi dacewa da masu jan ƙoto a bayan jirgi yana tafiya, ba masu jifa ba. Kamfanoni irin St. Croix da ke Park Falls a Wiskonsin suna yin sandunan maski a matakan farashi daban-daban, kuma yana da kyau a tambayi sharaɗin garanti kafin a biya.

Ka auna ma'ajiyar jirginka da cikin motarka kafin ka fita saye. Sanda mai ƙafa 9 ba ta shiga ko'ina, shi ya sa ake yin waɗanda gindinsu ke zurawa ciki su rage tsayi, kuma masu kyau daga cikinsu ba su da wani rauni da za ka ji a aiki.

Zare da salon jifa

Sanda ba ta cika aikinta sai da zaren da ya dace da ita. Saƙaƙƙen zare mai ƙarfin laba 80 zuwa 100 shi ne aka saba da shi, ba don kifin yana da wannan nauyi ba, sai don idan zare ya cukurkuɗe a keke ana tsakiyar jifa, ƙoton oza 8 da ke tafiya a guje zai tsinke siririn zare nan take ya wuce abinsa. A bakin zaren kuma ana ɗaura guntun waya ko kakkauran zaren roba mai ƙarfin laba 130 saboda haƙora.

Idan ƙoton ya haura oza 6, kada ka fyaɗa shi da sauri yadda ake yi wa ƙarami. Ka bar zare kamar rabin mita ko fiye yana reto, ka kai sandar baya a hankali har ka ji nauyin ya zauna a kanta ta lanƙwasa, sannan ka turo ta gaba a tafiya ɗaya ba tare da fizga ba, ka bar ta ta ƙarasa cillawar. Fizgar gaggawa da ƙoto mai nauyi ita ce ke karya sanda kusa da tsini, ita ce kuma ke jawo ciwon gwiwar hannu. Da wannan salo sanda mai iyakar oza 10 za ta iya jefa abin da ya ɗan wuce iyakarta jefi-jefi. Amma idan ka ga ƙoton da ya kusan laba guda ya zama abin jifanka na kullum a kaka, lokaci ya yi da za ka ƙara ta biyu mai alamar XXH, wadda ta fi XH tauri, da ke ɗaukar oza 16, ka bar ta farkon ga sauran ƙoton.