Yadda Ake Shuka Furen Wake Mai Ƙamshi

Wannan fure, wanda masana ke kira Lathyrus odoratus, asalinsa daga tsibirin Sisili ne na Italiya, kuma ba ya jure zafi, saboda haka lokacin sanyi ake shuka shi. A jiƙa irin ya kwana a ruwa, sannan a binne shi zurfin santimita 2 cikin ƙasa mai taki, kusa da karan da zai naɗe. Idan tsiron ya kai santimita 10, a tsinke kansa domin ya yi rassa. A riƙa yanko furannin da sassafe ana sa su a kwalbar ruwa, ƙamshinsu ya game ɗaki, domin muddin aka bari suka yi kwanso, furen zai tsaya. 'Ya'yansa suna da guba, lallai a nisanta su daga yara.