Yadda za ka shimfiɗa babbar hanya taka ta kanka a Cities: Skylines ba tare da gosulo ya cinye maka gari ba

Duk mai buga Cities: Skylines, wannan gem ɗin gina birni da kamfanin Colossal Order na ƙasar Finland ya fitar a 2015, ya san inda ciwon kai yake, gari na fara girma sai ka ga motoci sun jeru tun daga bakin gari har ƙarshen taswira, motar kwasar shara ba ta isa ba, motar ɗaukar gawa ba ta isa ba, mutane sun fara ƙaura. Abin da yawancinmu ke yi shi ne ƙara faɗin titi, kuma wallahi ba nan matsalar take ba, matsalar tana wurin shiga da fita.

Kafin komai ka dakatar da gem ɗin ka yi sebin, domin in ka rushe babbar hanyar da ta haɗa garinka da waje alhali gem ɗin yana tafiya, kaya za su daina shigowa. Sannan ka buɗe taswirar zirga-zirga ka ga inda ja, wato alamar cunkoso, ya FARA, ba inda ya ƙare ba. Kan layin shi ne mai laifi, na baya duk jira kawai suke.

Babbar hanya a asalin gem ɗin hannu ɗaya ce, layi uku, gudu 100, reshen shiga da fita kuma layi ɗaya ne gudu 80. Kenan sau biyu za ka ja ta, ta tafiya da ta dawowa, ka bar 'yar tazara tsakaninsu. In kibiyoyin sun kalli inda ba ka so ba sai ka rusa ba, ɗauki abin sauya nau'in titi ka danna maɓallin dama na maus a kanta ta juya. Maɓallin Page Up na kibod yana ɗaga titi ya zama gadar sama, Page Down ya nutsar da shi ƙarƙashin ƙasa, kuma za ka iya sa matakin ɗagawar ya zama mita 3, 6 ko 12. Ni dai na fi son in bar babbar hanyar a ƙasa in ɗaga ƙaramin titin ya haye ta, ya fi araha kuma ya fi kyan gani.

To ga inda nake so ka natsu, lissafin layi. Direbobin gem ɗin nan ba sa duba cunkoso, hanya mafi sauri a lissafi kawai suke bi, kuma tun daga nesa suke zaɓar layin da za su fita da shi, shi ya sa za ka ga titi mai layi uku amma kowa ya cusa kai a layi ɗaya biyun suna nan fayau ba kowa. Maganin shi ne layukan da suka shiga mahaɗa su yi daidai da waɗanda suka fita. Uku sun zo, ɗaya ya balle ya bi reshe, to abin da zai ci gaba biyu ne, ba uku ba. In reshe zai shigo kuma, biyu da ɗaya su koma uku, mai shigowa ya samu layinsa shi kaɗai ba sai ya tsaya yana roƙon a ba shi hanya ba. Babbar hanya mai layi biyu da mai huɗu suna cikin Mass Transit, wani ƙarin gem ɗin da ya fito a 2017, in ba ka da shi akwai irinsu a Steam Workshop, inda masu buga gem ke ɗora abubuwan da suka ƙirƙira, ga masu kwamfuta.

Wajen jera rassa, fita ta riga shiga. Wannan mahaɗar mai zagaye huɗu kamar ganye da gem ke ba ka a shirye tana da kyau a ido amma ni ba na yarda da ita a wuri mai manyan motoci, saboda masu shigowa da masu fita a guntun titi ɗaya suke giftawa juna, tirela ɗaya ta taka birki shi kenan kowa ya tsaya. Inda babbar hanya ta ƙare a jikin wata, yi mai zagaye ɗaya da rassa uku. Inda za ta sauka cikin gari kuwa rassa huɗu miƙaƙƙu su hau gada, shataletale a kowane gefe, ya wadatar.

Kwana ma tana da nata, mota na rage gudu in kwanar ta yi tsini, don haka yi amfani da abin jan titi mai lanƙwasa ka buɗe ta sosai, reshe ya rabu da uwar hanya a hankali kamar ba ya son rabuwa. Kuma kada ka dasa danja ko mahaɗa dab da bakin reshe, ba shi tsawon da motoci za su jeru ba tare da wutsiyar ta koma kan babbar hanya ba.

Unguwar masana'antu a ba ta mafitarta daban, kar manyan motocinta su ratsa ta cikin gidajen mutane, inda hanyar ta gifta kusa da gidaje kuma sa mai katangar tare ƙara.

Masu kwamfuta mod biyu, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa gem, za su sauƙaƙa muku rayuwa, Move It na jan gada ko kwana ka daidaita ta yadda kake so, TM:PE kuma da shi kake haɗa kowane layi da inda zai bi. Amma ka fara gyara lissafin layin da hannunka tukuna, mod ba ya ceton mahaɗar da tsarinta ya lalace tun tushe.

In ka gama saki gem ɗin ya yi tafiya na ɗan lokaci kafin ka yanke hukunci, motocin da ke kan hanya sai sun sake lissafin inda za su bi, tsohon cunkoson ma sai ya zube tukuna. Bayan nan danna tirela ɗaya ka bi ta da kyamara tun daga shigowarta har inda za ta sauke kaya, duk inda ka ga ta taka birki ba dalili, nan ne aikinka na gaba.