Yadda Mai Motar Lantarki Zai Shirya wa Gyara a Sakkwato

A shekarar 2021 ne hukumar NADDC, mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a lokacin da Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya yi aikin zanen motoci a kamfanin General Motors na Amurka, yake shugabantarta. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, maganar motar lantarki ta fito daga harabar jami'a ta shiga majalisun unguwa. Sai dai tambayar da aka fi yi ita ce ina za a yi caji, alhali wadda ta fi ta nauyi ita ce wa zai gyara idan motar ta tsaya. Manyan dillalan waɗannan motoci suna Legas da Abuja ne, kuma tsakanin Sakkwato da Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Saboda haka a nan garin ana fara shirin gyara ne tun kafin a biya kuɗin mota.

Abu na farko shi ne ka sa mai sayarwa ya rubuta maka a takarda inda za a kai motar idan batir ko injinta ya samu matsala, da wanda zai biya kuɗin ɗaukarta zuwa can. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin babban batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma garantin yakan tsaya ne a ƙasar da aka fara sayar da motar, don haka wanda ya sayi 'yar Kwatano ya ɗauka cewa ba shi da shi har sai ya ga akasin haka a rubuce. Kada ka biya kuɗi sai an jona wa motar kwamfutar bincike a gabanka, an nuna maka yawan ƙarfin da ya rage wa batirin, domin kyan fenti da ƙarancin kilomita ba sa nuna wannan. Yawancin garanti suna ɗaukar batirin da ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari a matsayin wanda ya gaji. Ka kuma bincika lambar shasi a shafin kamfanin, ko an taɓa kiran motar don gyara wani aibi, kamar yadda Hyundai ya kira dubban motocin Kona masu lantarki a 2021 don sauya musu batir saboda haɗarin gobara.

Ka tambayi yadda ake sanyaya batirin, domin a garin da zafi kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ce tambayar da za ta yanke yawan zuwanka gareji. Tsofaffin Nissan Leaf ba su da ruwan sanyaya batir, kuma an san batirinsu da saurin gajiya a ƙasashe masu zafi. A ganina, komai arharta, ba motar Sakkwato ba ce. Wadda ruwa ke zagaya batirinta ta fi dacewa, haka ma batir nau'in LFP, wato na litiyam mai haɗin ƙarfe da fosfet, irin wanda kamfanin motoci na BYD na ƙasar Sin ke amfani da shi, ya fi jure zafi.

Idan mota ta zo hannu, sai ka san cewa ba kowane gyara ne ke buƙatar ƙwararre ba. Babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu salansa, amma taya da birki da shakazoba da sitiyari duk irin na sauran motoci ne, kuma bakaniken da ka saba da shi zai iya aikinsu. Taya takan ci da wuri saboda nauyin batir, birki kuwa yakan daɗe, domin injin ne ke rage yawancin gudun yana mayar da wuta cikin batir. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda shi ne ke tayar da kwamfutocinta. Idan ya mutu, motar ba za ta tashi ba ko da babban batir cike yake, kuma zafi yana kashe shi da wuri. Duk ranar da mota ta ƙi tashi, ko fitilun gargaɗi suka cika allo ba dalili, a fara auna shi kafin a kira Abuja.

Inda aka fi yin ɓarna ba wajen manyan gyare-gyare ba ne, wajen ƙananan ayyukan yau da kullum ne, a hannun mutanen da suka iya sana'arsu sarai amma ba su san wannan motar ba. Mai gyaran esi ne kan gaba. Kwamfuresar motar lantarki tana aiki ne da wutar babban batir kai tsaye, kuma tana buƙatar mai na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Idan aka zuba mata man da ake zuba wa sauran motoci, ko aka yi amfani da tiyon da ya riga ya gurɓata da shi, wuta tana iya fara zurara, kwamfuta kuma ta hana motar tafiya gaba ɗaya. A motoci da yawa esin nan ne ke taimakawa wajen sanyaya batir, don haka lalacewarsa ba maganar jin daɗin direba kaɗai ba ce, kuma ba a jinkirta gyaransa a bazara. Haka ruwan sanyaya batir: wasu motocin suna da nasu nau'in, kuma ba a ƙara musu ruwan famfo kamar yadda ake yi wa lagireto.

Mai faci ma sai an tsaya a kansa. Batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar tsakanin tayoyin gaba da na baya, daidai inda hannu ya saba tura jak. Ka koyi wuraren ɗagawa daga littafin motar, ka nuna masa da kanka, ka ce, "Maigida, a nan kaɗai ake sa jak, domin tsakiyar nan duk batir ne." Mai walda da fanel bita kada su kai wuta kusa da ƙasan motar sai an yanke babbar wuta. Idan ta tsaya a hanyar Illela ko ta Tambuwal, kada a ɗaura mata igiya, kada kuma janwe ya ja ta tayoyin da injin ke juyawa suna taɓa ƙasa, domin injin zai riƙa samar da wuta yana juyawa, abin da kan lalata na'urorinta. A ɗora ta bisa mota mai buɗaɗɗen baya. Yana da kyau lambar mai irin wannan motar ɗauka ta kasance a wayarka tun kafin buƙata ta taso.

Sai kuma sashen da ba a wasa da shi. Duk wayar da ka gani mai launin ruwan lemo tana ɗauke da wutar babban batir, wadda a yawancin motoci take kusan bolt 400, a wasu sababbi ma 800, kuma tana kisa. Wanda zai taɓa ta sai ka gwada shi da tambayoyi cikin ladabi: a ina ya koyi aikin, wace irin mota ya taɓa buɗewa, kuma kwamfutarsa tana karanta sashen batir na wannan samfurin ko kurakuran gama-gari kawai take nunawa. Ka nemi ganin safar hannunsa ta roba mai jure bolt 1,000 da kayan aikinsa masu rufi. Ƙwararre yakan cire makullin yanke wutar batir, ya jira mintunan da kamfani ya ƙayyade don ragowar wuta ta sauka, sannan ya auna da mita kafin ya sa hannu. Wanda ya ce duk lantarki ɗaya ne, ko ya yi tayin haɗa wayoyi don ɓatar da fitilar gargaɗi, ka yi masa godiya ka ɗauke motarka. Masu gyaran motoci irin Toyota Prius, masu haɗa fetur da lantarki, su ne suka fi kusa da wannan ilimi. Masu haɗa sola kuwa, duk da sun san batirin litiyam da inbata, batiran da suke haɗawa a gidaje yawanci bolt ɗinsu bai kai ko kusa da na batirin mota ba, don haka a bar su a kan wayarin gida.

A can ɗin ma ana buƙatarsu, domin ƙin caji sau da yawa laifin gida ne ba na mota ba. Caja da yawa ba sa aiki idan babu wayar atin da aka binne da kyau, kuma busasshiyar ƙasar rani tana raunana ta. Wutar Kaduna Electric idan ta yi ƙasa sosai, ko ƙaramin janareta mai hawa da sauka, su ma kan sa caji ya yanke. Ka kuma tabbatar da irin bakin cajin motarka, domin na Sin daban, na Turai daban, na Amurka da na Japan daban, kuma adafta mara inganci tana iya ƙona soket ɗin motar.

Kayan ƙafa da birki ana iya dacewa da su a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas idan samfurin yana da ɗan'uwa mai fetur, amma inbata da cajar cikin mota da sassan batir galibi sai an yi odarsu daga waje, kuma jiran kan ɗauki makonni. Kafin ka amince da sauya batir gaba ɗaya, ka nemi a nuna maka awon kowane rukuni na cikinsa, domin wani lokaci rukuni ɗaya ne ya raunana kuma a wasu motocin ana iya sauya shi kaɗai. Ka ɗauki hoton lambobin kuskure kafin a goge su, ka karɓi tsohon kayan da aka cire, ka ajiye rasit. Idan kuma ƙasan motar ya bugi dutse da ƙarfi, ko ta nutse a ruwan damina, kada ka jona mata caji, kada ka shigar da ita cikin gida. A ajiye ta a fili nesa da gini da sauran motoci har sai ƙwararre ya duba, domin batirin da ya ji rauni yana iya kama wuta bayan kwanaki.