Yadda za a koya wa yaro Larabci har ya fahimci sallarsa da karatunsa

Kusan kowace unguwa a birnin Kano, daga cikin ganuwa har zuwa irin su Hotoro da Rijiyar Zaki, tana da makarantar allo ko Islamiyya ko ta hadda, kuma ba abin mamaki ba ne a sami yaro ɗan shekara goma da ya haddace izu biyar ko goma da kyakkyawan tajwidi. Sai dai idan aka tambayi yaron nan ma'anar "Sami'allahu liman hamidah", wadda ake faɗa sau 17 a sallolin farilla na kowace rana, sau da yawa sai ya sunkuyar da kai. An koya masa karanta rubutun Larabci da haddace shi, amma harshen kansa ba a koya masa ba, alhali Allah Maɗaukakin Sarki ya faɗa a aya ta 2 ta Suratu Yusuf cewa ya saukar da Alƙur'ani da Larabci ne domin mu hankalta. A al'adar zaure, sai bayan sauka ɗalibi yake shiga littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, malam yana karantawa yana fassarawa kalma bayan kalma. Hanyar ta fitar da manyan malamai, amma yaran yau, waɗanda boko ya raba wa lokaci biyu, mafi yawansu ba sa kaiwa wannan mataki, shi ya sa ya kamata a shigo da harshen tun da wuri, a tafi da shi kafaɗa da kafaɗa da hadda.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne shekara shida zuwa bakwai, wato dab da shekara bakwai ɗin da hadisi ya ce a fara umartar yara da salla. Kafin nan, abin da yaro yake bukata shi ne kunnensa ya saba da sautin harshen ta hanyar gajerun surori da addu'o'in cin abinci da barci da shiga banɗaki.

Aikin farko shi ne baƙaƙe 28 da wasula, kuma a nan akwai matsalar da iyaye da yawa ba su lura da ita. Yaron da ke zuwa makarantar allo da safe yana koyon babbaƙu da farfaru da rubutun Magaribi na ruwayar Warshu, inda "fa" take da ɗigo ɗaya a ƙasa, "ƙaf" kuma ɗigo ɗaya a sama. Da yamma a Islamiyya sai a buɗe masa mushafin Hafsu, inda ɗigo ɗaya a sama "fa" ne, "ƙaf" kuma ɗigo biyu. Ruwayoyin biyu ingantattu ne, amma haɗa wa ƙaramin yaro su a lokaci guda yana rikita shi. A bar shi ya zauna da gindinsa a rubutu ɗaya, sannan a nuna masa bambancin a fili, tare da sanin cewa littattafan koyon Larabci da ake bugawa yanzu da rubutun gabas, irin na mushafin Hafsu, suke zuwa. A wannan mataki ne kuma za a gyara furuci, domin harshen Bahaushe yana da baƙaƙen da yake karkatarwa: ث ya koma "s", ذ da ظ su koma "z", ض ya koma "l" kamar yadda ya faru a kalmomin alwala da alƙali, ح da خ da ه kuma duk su zama "h" guda. Hatta "fa", Bakano da leɓɓa biyu yake furta ta, ita kuwa ta Larabci sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Malam ya zauna gaba da gaba da yaro, ya nuna masa bakinsa, ya sa shi ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya ji inda ع take fitowa. Wannan ba na karatu kaɗai ba ne, domin "ƙalb" zuciya ce, "kalb" kuwa kare ne.

Da zarar yaro ya iya haɗa baƙi, kada a yi gaggawar sayo masa littafin nahawu. Littafinsa na farko shi ne abin da ya riga ya haddace: Fatiha, tasbihin ruku'u da na sujada, tahiya, da surori daga Nasi zuwa sama. A nan ne nake ganin ya kamata a daɗe, ko da shekara guda za a ɗauka. A ɗauki jimla ɗaya a rana, a warware ta kalma-kalma, a tabbatar yaro ya san wace kalma ce ta ba da wace ma'ana, domin haddace fassarar aya a dunƙule wata hadda ce kawai aka ƙara masa. Misali, bayan sallar magariba uba ya zaunar da ɗansa ya ce, "Me ka faɗa a sujada?" Yaro ya ce, "Subhana Rabbiyal A'ala." Sai uban ya cire kalmar "Rabb" ya ce Ubangiji ke nan, "Rabbi" Ubangijina, ya tambaye shi a ina kuma ya taɓa jin ta. Nan take yaro zai tuno "Rabbil alamin" da "Rabbana wa lakal hamd" da "bi Rabbin nas". Idan ya ce, "Abba, to Rabbana fa?" kada a ba shi amsa da sauri, a bar shi ya gwada, a taimaka masa har ya gano da kansa cewa "na" ɗin nan ita ce "mu". Abin da yaro ya gano da kansa a irin wannan zama ba ya mantawa, kuma washegari idan liman ya karanta "Rabbana atina", zai ji an faɗi abin da ya sani. Kalmomin Alƙur'ani sun haura 77,000, amma mafi yawansu maimaituwa suke yi, saboda haka ƙananan kalmomi irin su min, ila, fi, ala, inna, allazina, ƙala da kana su ne suka cancanci a fara da su, domin babu shafin da za a buɗe a rasa wasunsu.

Ɗan Bahaushe yana da gatan da yara da yawa a duniya ba su da shi, kuma abin takaici ne yadda ba a cika amfani da shi a aji ba. Sunayen ranakun mako bakwai duk daga Larabci suke, haka ma allo da alƙalami da littafi da sa'a da duniya da lahira da ilimi. Idan aka nuna wa yaro cewa Lahadi da "ahad" ta cikin Ƙulhuwallahu tushensu ɗaya, Talata da Laraba da Alhamis kuma uku da huɗu da biyar ne, ya sami kusan rabin ƙidayar farko ba tare da wahala ba. Ginin harsunan ma ya yi kama, domin dangi ɗaya suke. Hausa tana bambanta kai da ke, shi da ita, kamar yadda Larabci yake bambanta anta da anti, huwa da hiya, abin da Turanci bai yi ba a wajen wanda ake magana da shi. A rubuta masa waɗannan a allo gefe da gefe: littafinka da kitabuka, littafinki da kitabuki, littafinku da kitabukum. A nuna masa "ma" ta makaranta da masallaci, da "ma" ta madrasa da masjid. Daga nan sai a shigar da shi sirrin tushen kalma mai baƙi uku ta hanyar kalmomin da yake ji kullum a gari: hukunci, hakimi, hikima da hukuma duk daga ح ك م suke, shaida da shahada da shahidi daga ش ه د. Inda Hausa ba ta da makamancin abin da ke Larabci, kamar musanna, wato sigar abu biyu, da kuma canjin wasalin ƙarshen kalma, nan ne za a rage gudu a yawaita misalai.

Amma Hausa ba za ta zauna a ajin har abada ba. Babban raunin darasin "Arabiyya" a Islamiyyu da yawa shi ne malam ya yi minti arba'in yana bayani a kan Larabci da Hausa, ba tare da yaro ya furta jimla ɗaya tasa ta kansa ba. Tun makon farko a mayar da umarnin aji zuwa Larabci: ijlis, ƙum, iftahil kitab, uktub, ta'al. A kawo ainihin abubuwan cikin aji, buta da tabarma da kofi da mabuɗi, a ɗaga a tambaya "ma haza?", yara su amsa, sannan su tambayi junansu biyu-biyu. Yarinya ta ce "ismi Fatima, ana min Kano, askunu fi Gwale", ƙawarta ta mayar mata da nata. Idan yaro ya yi kuskure, malam ya maimaita jimlar daidai ya wuce, domin bulala da dariyar 'yan aji su ne suke kulle bakin yaro, kuma wanda ya ji tsoron magana ba zai taɓa iya harshe ba. A gida ma uwa tana da babban rabo ko da ba ta yi zurfi ba, domin ita ce take tare da su: ta tambayi sunan ruwa da gishiri da shinkafa yayin da take girki, idan ba ta sani ba su koya mata, wanda hakan yake ƙara musu karsashi.

Game da littafi, jerin Durusul Lugatil Arabiyya na Dakta V. Abdur Rahim, wanda aka fi sani da littafin Madina, mai juzu'i uku, yana da sauƙin samu a wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Kurmi da ta Sabon Gari, kuma misalansa na kusa da harshen Alƙur'ani ne, sai dai an tsara shi ne domin manya, don haka juzu'in farko ma a tafi da shi a hankali. Al-Arabiyya Baina Yadaika ya fi ƙarfi a wajen hira da saurare. Kowanne aka zaɓa, a ƙare shi kafin a ɗauko wani. A haɗa da gajerun ƙissoshin annabawa masu cikakken wasali, yaro ya karanta da murya, ya ba da labarin da Hausa, daga baya ya gwada bayarwa da Larabcinsa. A ajiye tarjamar Alƙur'ani ta Hausa a gida, kamar ta Shaihu Abubakar Gumi ko ta Shaihu Nasiru Kabara, domin iyaye su duba kafin zama, kada su faɗa wa yaro ma'anar aya da ka. Wayar hannu kuwa tana da amfani wajen sauraron ƙira'a da shirye-shiryen yara, da sharaɗin babba ya tantance cewa Larabcin fusha ne, domin da yawa daga cikinsu da karin harshen Masar ko Sham ake yin su.

Nahawu da sarfu suna zuwa ne bayan yaro ya tara kalmomi kuma yana iya karanta ɗan labari ya gane, galibi wajen shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Malamai sukan ce nahawu a magana kamar gishiri ne a abinci, kuma gishiri sai da abin da za a zuba shi a ciki. Yaron da aka sa ya haddace farkon Ajurumiyya, inda ake bayanin ma'anar "kalam", alhali bai iya neman ruwan sha da Larabci ba, zai tashi da ganin cewa harshen na wasu zaɓaɓɓu ne. Idan lokacin ya yi, Ajurumiyya ce mafari mai kyau saboda gajartarta, amma a ciro misalan kowane babi daga surorin da ya haddace. A nuna masa aya ta 28 ta Suratu Faɗir, "innama yakhshallaha min ibadihil ulama'u", a tambaye shi wa yake jin tsoron wa. Wasalin sama a kan sunan Allah da rufu'a a kan "ulama'u" su ne suka nuna cewa malamai ne masu tsoron Allah, kuma da za a musanya wasulan biyu da ma'anar ta juye gaba ɗaya. Yaron da ya ga wannan ya gane dalilin da ya sa malaminsa na hadda yake tsayar da shi a kan wasali guda. Alfiyyar Ibnu Malik da manyan littattafai irin su Albaharul Muhiɗ na Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo suna nan gaba ga wanda Allah ya ba himma.

Minti ashirin a kullum ya fi awa uku a ranar Asabar kaɗai, musamman ga yaron da ya dawo daga boko da rana ya wuce Islamiyya da la'asar. Idan za a ɗauko malami zuwa gida ko za a zaɓi makaranta, kada a tsaya a kan takardar shaida. Uba ya nemi izini ya zauna a darasi ɗaya, ya lura ko yara suna magana ko malam ne kaɗai yake yi, ya kuma duba ko 'yan mata suna samun kulawa daidai da maza. Duk bayan wata uku a gwada yaro da abin da ba a taɓa fassara masa ba: a buɗe wata aya mai sauƙi ko gajeren hadisi daga Arba'una, a ce ya nuna kalmomin da ya sani, ya faɗi abin da ya fahimta. Idan ya gane rabi, aiki yana tafiya. A koya masa tun yanzu cewa gane kalmomi ba shi ne tafsiri ko fatawa ba, waɗannan sai an zauna gaban malamai.

Wanda ya nuna sha'awa bayan firamare, Kano ba ta rasa inda za a kai shi ba. Makarantar Koyon Larabci da aka fi sani da SAS, wadda aka kafa a 1934 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero a matsayin makarantar horar da alƙalai kafin a sauya mata suna a 1947, tana nan, akwai kuma sakandaren Larabci na gwamnati da masu zaman kansu da ke rubuta jarrabawar NBAIS, wato hukumar ƙasa mai kula da karatun Larabci da addinin Musulunci. Daga nan akwai Kwalejin Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci ta Aminu Kano da Sashen Larabci na Jami'ar Bayero. Wanda kuma ya nufi likitanci ko injiniyanci, a nema masa zauren wani malami a unguwa inda zai ci gaba da karanta littafi ɗaya bayan ɗaya tsakanin magariba da isha'i ko a ƙarshen mako.