Yadda ake neman gurbin karatun wasan dandamali mai waƙa da rawa a jami'a

Wasan kwaikwayo na dandamali wanda ake saƙa labarinsa da waƙa da rawa ya fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya, inda gidajen wasan Broadway a New York da na West End a Landan suke ɗaukar ƙwararru aiki. Saboda haka a can ne aka fi samun jami'o'in da suka ware masa digiri na kansa, irin su Jami'ar Michigan da Carnegie Mellon da Jami'ar Cincinnati, sai kuma makarantar wasan kwaikwayo ta Guildford da ke ƙarƙashin Jami'ar Surrey a Ingila. Karatun yakan ɗauki shekara 4 a Amurka, shekara 3 a Ingila. Abin da ya kamata mai nema ya sani tun farko shi ne, sakamakon jarrabawar sakandare ƙofar waje kawai yake buɗewa, gurbin kansa kuwa a ɗakin gwajin basira ake samunsa.

Wanda ya saba da finafinan Kannywood sai ya lura da wani babban bambanci. A fim, mawaƙi ne yake rera waƙar a situdiyo, jarumi kuma ya bi ta da baki a gaban kyamara. A wannan fanni babu wannan rangwame, domin ɗan wasa da muryarsa zai rera waƙar a gaban jama'a, sau da yawa yana haki bayan ya gama rawa, kuma dole kalmomin su fita sarai. Don haka shiri yana farawa ne da mutum ya auna kansa tsakani da Allah a waƙa da rawa da fitowa a matsayin wani, ya gano inda ya fi rauni, ya ba wannan ɓangaren mafi yawan lokacinsa, ko da kuwa ba shi ne yake masa daɗi ba.

Galibin makarantu suna neman waƙoƙi biyu masu bambancin yanayi, ɗaya mai sanyi, ɗaya mai zafi, kuma ba a rera su gaba ɗaya, ana yanko abin da bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen waƙar da ta fi ƙarfin murya don a burge alƙalai. Ni a ganina gara waƙa mai sauƙi wadda mai nema ya san wa yake yi wa magana a cikinta da abin da yake so daga gare shi, domin labari malaman suke son su ji, ba ƙarar maƙogwaro ba. Idan da mai kaɗa fiyano za a yi gwajin, sai a zo da rubutaccen kiɗan a cikin fayil mai sauƙin buɗawa, a sa alama da biro a inda za a fara da inda za a tsaya. Kafin a fara, a matsa kusa da shi a gaishe shi, a rera masa layin farko a hankali don ya kama saurin da ake so. Wannan ɗan lokaci ma alƙalai suna kallo, domin a nan ake ganin yadda mutum yake mu'amala da abokin aiki.

Bayan waƙa akwai jawabin mutum ɗaya da ake ciro daga wasan da aka wallafa, kuma wajibi ne a karanta wasan gaba ɗaya, saboda ana iya tambaya a kan abin da ya faru kafin wannan jawabi. Wani lokaci malami yakan ce a sake yi ta wata fuska dabam, misali a faɗe shi cikin raha maimakon fushi. Ba alamar an gaza ba ce, so ake a ga ko ɗalibi yana karɓar gyara. A gwajin rawa kuwa, malami zai nuna jerin taku a gaban madubi, a maimaita 'yan lokuta, sannan a kira mutane rukuni-rukuni su yi. Wanda ya ɓata taku ya ci gaba, kada ya tsaya yana cizon yatsa. Darasin bale (ballet, wata daɗaɗɗiyar rawar Turai) na wasu watanni kafin gwaji yana taimakawa ƙwarai, domin a kanta ake gina yawancin horon rawa a waɗannan makarantu.

Makarantu da yawa suna fara tacewa ta hanyar bidiyo. Wayar hannu ta isa, muddin an kafa ta daram ba ta motsi, haske yana fuskantar mai yi, kuma sautin kiɗan bai danne murya ba. A Birtaniya yawancin nema ta UCAS ake yi, wato hukumar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'in ƙasar, inda ake zaɓen kwasa-kwasai har 5, amma wasu makarantun kai tsaye suke karɓa. A Amurka ana yin gwajin haɗin gwiwa a New York da Chicago da Los Angeles a watannin Janairu da Fabrairu, inda mutum zai iya ganin makarantu da dama cikin 'yan kwanaki. Ɗalibin ƙasar waje zai ƙara da lissafin biza, da shaidar iya Turanci irin ta IELTS idan an nema, da kuɗin makaranta mai nauyi.

Wanda tafiya waje ba ta yiwu masa ba, a Najeriya ana koyar da waƙa da rawa a cikin digirin wasan kwaikwayo, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, ta hanyar JAMB, kuma darasin adabin Turanci yana cikin abubuwan da ake nema. Ko a ina ne, kafin a karɓi gurbi a tambayi awa nawa ɗalibi yake samu a mako shi kaɗai da malamin murya, da wasanni nawa ake sawa a dandamali a shekara, da kuma ko ana shirya wa 'yan ajin ƙarshe wasan baje koli a gaban masu ɗaukar 'yan wasa aiki.